Jakar da Ba Ta da Baibai

A faɗar Jaji, tun daga Kusada har Kankia ba a haifi namijin da ya kama ƙafarsa ba a abu biyu: riƙon allura da taurin zuciya. Ɗan koli ne, yana kasa zare da allurai da madubai da hulunan ɗinkin hannu a kasuwar Kankia, jikin rumfar teloli. Duk wanda ya ɗaga hula ya yaba, sai Jaji ya miƙa masa yatsunsa goma ya ce ya gaishe su, su suka yi aikin. Maganar gaskiya kuwa, ko zare bai iya zurawa a kafar allura ba sai ya kanne ido ɗaya ya zaro harshe, a ƙarshe ma ya soki kansa. Hulunan nan duk aikin ɗiyarsa Haulatu ne. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kama sunanta, Uwata yake ce mata. Ita da uwarta Tani sun san da ƙaryar, suna rufa masa.

Shekarun yaƙin Turawa ne, lokacin da yadi ya yi wuya, kantuna suka bushe, mutum ya riƙa yi wa riga maho a kan maho. Ran wata kasuwa kukun wani Bature da ya sauka a bariki ya shigo cefane, rataye da jakar yadi mai hannu biyu, yana zuba albasa da ƙwai a ciki. Teloli suka karɓa suna jujjuyawa. Kabo tela, taubashin Jaji, mai keken ɗinki, ya ce lalle aikin ya yi kyau.

Jaji ya leƙo ya taɓe baki. "Wagga? Juya ta ka gani, cikinta duk gashin zare. Ni in na zauna, sai in ɗinka maku wadda ba ta da baibai. Ka juya ta, sabuwar jaka. Ka sake juyawa, wata sabuwar."

"Da wane yadin?" in ji Kabo. "Ko da fatar bakinka za ka yi mata shafi?"

"Kasuwa mai zuwa. In ban kawo ba, ka aske mani rabin gemu nan gaban jama'a."

Aka tafa, aka yi shewa. Sai da ya hau jakinsa ya kama hanyar Kusada sannan bakin ya fara yi masa nauyi. A gida akwai sauran wata tsohuwar atamfar Tani, mai ruwan shuni, za ta yi fuska ɗaya. Fuska ta biyun fa? Yana ta wannan tunani har ya iso tsohuwar tsamiyar nan ta bakin rafi, wadda ko masu itace ba sa kai mata gatari. Kullum akwai farin saƙi ɗaure a gindinta. Ba a san mai ɗaurawa ba. In ya tsufa ya yage, sai a wayi gari a ga sabo. Ran nan sabo ne fil, fari tas, iska na ɗan kaɗa bakinsa.

Jaji ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa. Har dariya ta kama shi da ya tuna yadda tsofaffin mata za su zo gobe su ga wayam, su ce mai wurin ta karɓi kyautarta. Ya sauka, ya rusuna kamar mai gaisuwa.

"Kaka, aro na zo. Ke da ba ki zuwa kasuwa, mi za ki yi da sabon zane?"

Ya kwance, ya cusa cikin riga. Jakin ne ya ƙi tafiya, sai da ya sha sanda.

Da ya ba Haulatu ƙyallen, ta kai hanci ta shinshina. "Baba, ƙamshin ɗanyar tsamiya yake. Ina ka samo?"

"Wani ɗan Kano ya bar mani. Ke dai, Uwata, rufa mani asiri, gemuna na hannunki."

Ta yi dariya, ta ce ya bar ta ta yi tunani. Kwana biyu tana auna ƙyallayen da tafin hannu, ran na uku ta zauna a inuwar rumbu. Ta ninka atamfar biyu, ta ɗinke gefe da gefe, ta tsuke kusurwoyin gindin don jakar ta iya zama da kaya. Farin kuwa da ta ninka sai ya zo daidai, kamar an auna, ko almakashi ba ta sa masa ba. Ta yi hannuwa biyu da ragowar atamfar. Sannan ta zura jaka ɗaya cikin ɗaya, fuska na kallon fuska, ta kama zagaye bakin da ƙananan ɗinki. Jaji ya zo wucewa ya ga abin duk zare a waje, munin duniya.

"Uwata, wagga ai baibai ce ciki da waje! Kin kashe ni."

"Je ka dawo, Baba."

Rana ta yi ja, kaji suka fara hawa. Tani na bakin murhu ta ɗago kai ta ce, "Ke, aje allurar nan haka, magariba ta kawo jiki. Ba a ɗinki yanzu."

Daga zaure Jaji ya ɗaga murya. "Ƙyale ta ta ƙarasa! Gobe kasuwa."

Da ya dawo daga masallaci, jakar na rataye a ƙofar ɗaki. Ya juya ta, fara sol. Ya sake juyawa, shuni. Ba gashin zare ko ɗaya, ba inda za ka ce nan aka fara, nan aka ƙare. Bai tambayi yadda aka yi ba. Ya tsaya yana murmushi shi kaɗai, yana jin muryar Kabo a kunnensa.

A nan dutse na farko ya faɗo.

Tsakiyar gida ya sauka, tim, kusa da turmi. Ba a ji ya bi ta kan danga ba, kamar daga sama aka sako shi. Tani ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗa cikin akushin tuwo. Jaji ya fita da sanda yana zage-zage, ya zagaya bayan gida, ba ko akuya. Gari ya yi tsit irin wanda ko kwaɗi ba sa kuka. Da ya dawo ya ɗauki dutsen, ya ji shi da sanyi, jiƙe, da yashin rafi a jikinsa. Bazara ce kuwa, rabon ƙasa da ruwa wata shida. Ya jefa shi bayan rumbu, bai ce wa kowa komai ba.

Washegari ya ci kasuwa. Teloli suka yi ta juya jakar suna salati, Kabo ya daɗe yana shafa ta, daga baya ya ce, "Gemunka ya tsira, ɗan banza." Kukun bai zo ba, Baturensa ya tashi. Jaji ya zuba gishiri da daddawa a ciki, ya rataya a kafaɗa, ya bi wata hanyar da ba ta bi ta tsamiya, ko da yake ta fi nisa.

Ya tarar da Haulatu a kwance. Cikin wannan zafi da ƙadangare ke neman inuwa, ita haƙoranta na kaɗawa. Ta janyo zanen gadon uwarta, ta janyo buhu, ta janyo tabarma ta lulluɓa, duk da haka tana cewa sanyi. Da magariba ta yi duwatsu suka dawo. Wannan karon har da murya. Daga bayan rumbu take fitowa, siririya, ta tsohuwa, ba ta fushi, ba ta sauri, kamar mai tambayar hanya.

"Wa ya yaye ni?"

Sai shiru. Sai can kuma, daga wajen rijiya, "Wa ya yaye ni?"

Tani ta ƙanƙame ɗiyarta tana karanto duk abin da ta iya. Jaji, mai taurin zuciya, yana tsugune a ƙofar ɗaki, ya ƙi ko leƙa bayan rumbu. Shi ya yaye mata zane, ya san amsar. Tana nan a bakinsa kamar ƙashin kifi, ba ta fita, ba ta wucewa.

Kwana uku ana haka. Haulatu ta daina cin abinci, ta daina gane mutane. Sai ta zauna ta miƙe ƙafa, yatsunta na ɗinki a iska, ba allura ba zare, tana ja tana sokawa har hannun ya kumbura. Jaji ya ce bari ya gyara abinsa a ɓoye. Da rana tsaka ya ɗauki jakar ya kai tsamiya, ya rataya a reshe, ya ce, "Ga kayanki nan, Kaka, har da riba," ya juyo da sassarfa. Yana shiga gida ya gan ta rataye a ƙofar ɗaki, inda take tun farko, tana ɗan lilo. Washegari da hantsi ya laɓe bayan rumbu da aska, ya ce zai farke farin ya mayar. Bakin askar na taɓa ƙyallen, Haulatu ta ƙwalla ƙara daga ɗaki. Ya ruga. Ga wani siririn jan layi a damtsenta, jini na tsattsafowa. Ya saki askar ta faɗi.

Ran nan da la'asar Tani ta same shi a zaure. Ta durƙusa nesa da shi, idanunta sun kumbura.

"Malam, ni na jawo. Ran da abin ya fara, na watsa ruwan zafi bayan ɗaki da magariba, ban yi bisimilla ba. Na ƙona wa mutanen ɓoye ɗiya, shi ne suka kama tawa. Kwana huɗu nike riƙe da shi, na kasa. Ka yafe mani."

Ya dube ta. Matar da ta ba da atamfarta, ta rufa masa asiri shekara da shekaru, ga ta tana roƙonsa gafara. Ya buɗe baki. Ya ga rumfar teloli, ya ga Kabo, ya ga duk wanda ya taɓa gaida yatsunsa goma.

"Allah shi yafe mana baki ɗaya," abin da ya iya cewa ke nan.

Ta tashi tana share hawaye, tana yi masa godiya. Bai ci tuwon ranar ba.

Labari ya kai Kankia. Kabo ne ya rufe kekensa ya ɗauko Malam Sada, wani tsohon malami siriri mai maganar ƙasa-ƙasa, wanda aka sani da irin wannan aiki. Sun iso bayan la'asar. Kafin su sauka gidan ya cika, mata a tsakar gida, maza a zaure da bakin danga, har da teloli biyu da suka biyo Kabo. Aka fito da Haulatu aka zaunar a tabarma, lulluɓe da tsummoki. Malam ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya zuba turaren hano, ya zauna gabanta ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, inuwar rumbu na tsawo, na rarrafowa har ta taɓa bakin tabarmar.

Yatsun Haulatu suka tsaya. Ta ɗago kai a hankali. Fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne.

"Ya isa, Malam. Hayaƙinka ya fi karatunka zafi."

Muryar bayan rumbu ce. Mata suka ja da baya.

"Wace ce ke?" in ji Malam Sada.

"Tsohuwa ce. Tsamiyar bakin rafi nike zaune, tun ba a kafa Kusada ba. Ban taɓa shiga gidan kowa ba."

"To mi ya kawo ki wanga?"

"Sanyi. Ina barci aka yaye mani zane. Na biyo ƙamshinsa, na tarar ana soka mashi allura da magariba, ana haɗa shi da tsumman wata. Hannun da na gani yana sukar, shi na kama."

Tani ta ɗago kai. "Ba ruwan zafi ba ne?"

"Wane ruwan zafi, ɗiyar nan? Ruwanki bai taɓa kowa ba."

Malam ya ce, "Ni ba ni cikin masu ɗaura wa itace ƙyalle, kuma ba ni yaba masu yi. Amma abin da ba na mutum ba, ba nashi ba ne. Za a mayar maki. Ki fita."

"A bar mani yarinyar. Hannunta na da kyau, za ta riƙa yi mani ɗinki."

"Ba ki isa ba."

"To baƙar akuya."

"Ko ɗigon jini ba za a zubar maki ba. In kin ƙi, in koma karatu." Ya miƙa hannu wajen hanon.

"Tsaya, tsaya. Tsofaffi biyu ba sa rasa daidaitawa." Ta yi wata 'yar dariya mai kama da tari. "Zanena nike so, yadda aka ɗauke shi. Kada ƙarfe ya taɓa shi. A warware ta ƙofar da aka rufe, wanda ya kwance shi kuma shi ɗaura da hannunshi kafin rana ta faɗi. In ta faɗi ban rufa ba, da yarinyar zan rufa."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta kai kan kukar bayan gari.

Ɗaya daga cikin telolin ya ce, "Wai jakar nan ake nufi? Ai ba yarinyar ta ɗinka ba. Jaji ne. Da bakinshi ya faɗa mana."

Idanun nan da ba na Haulatu ba suka juyo, suka sauka kan Jaji. "Haka ne? To na yi kuskure, na kama marar laifi. In shi ya ɗinka, shi warware."

Aka ciro jakar aka sa masa a hannu. Kabo ya matso, ba alamar wasa a fuskarsa. "Yi sauri, ɗan'uwa. Irin wagga ai sai an bar 'yar ƙofa, ta nan ake zaro ta a juyo fuskar waje, sannan a rufe da ɓoyayyen ɗinki. Na nema ran kasuwa ban gani ba. Kai ka rufe, kai ka san wurin. Zare ɗaya za ka ja."

Jaji ya dubi jakar. Bai taɓa sanin akwai wata ƙofa ba. Ya juya ta, fara. Ya juya ta, shuni. Ya bi gindin da yatsa, ya bi gefe, ya kai ta kusa da ido, ya kanne ɗaya. Gumi ya sauko masa ta cikin gemu. Ya ja wani zare, ba shi ba ne, Haulatu ta yi nishi ta dafe haƙarƙari. Inuwa ta rufe tabarmar duka, haƙoran yarinyar suka fara kaɗawa, leɓunanta suka yi fari.

"Jaji," in ji Malam Sada a hankali, "rana ba ta jiranka."

Ya durƙusa. Muryar da ta saba cika kasuwa ta fito 'yar ƙarama.

"Ban san wurin ba. Ba ni na ɗinka ba. Ban iya ba, ban taɓa iyawa ba. Hulunan ma duk Uwata ce." Ya saki zaren. "Ni na kwance zanen. Ni na ce ta ƙarasa da magariba. Tani ta zo tana ba ni haƙuri, na bar ta da laifin, ina sane."

Tani ta taso. Ba ta dube shi ba. Ta zare jakar daga hannunsa, ta karyo ƙayar aduwa daga danga, ta zauna. Ita ta koya wa yarinyar riƙon allura, ta san inda hannunta ke son ɓoye ƙulli. Ta lalubi bakin jakar, ta tsaya a gindin hannu ɗaya, ta sa ƙayar ta ɗago wani zare da ido ba ya gani. Ƙofar ta buɗe, faɗin yatsu huɗu. Ta zaro cikin ta nan, jakar ta koma mummunar baibai ɗinta, zare duk a waje. Kabo ya tsuguna ya kama mata, suna ja tana warwarewa, har farin saƙin ya rabu, ya miƙe, ba yaga ko ɗaya sai 'yan hujojin allura. Ta ninke shi ta aje a gaban mijinta, a ƙasa.

"Kin gani," Malam ya ce wa tsohuwar. "Zai kai yanzu, ni zan raka shi. Ki yi alkawari ba ki dawowa."

"Na yi, don girman abin da ka karanta." Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya. "Shi ɗaura da kyau. Kada shi yi mani ɗaurin 'yan koli."

Haulatu ta yi atishawa sau uku, ta kife a jikin uwarta. Can ta motsa. Ta ture buhun da tabarmar, ta ce zafi, wa ya rufe ta haka. Ta nemi ruwa, ta sha, ta dubi gidan cike da mutane tana mamaki. Sannan idonta ya faɗa kan atamfar a warware, ga teloli tsaye, ga Kabo da zare a hannu, ga ubanta durƙushe a ƙasa. Ba ta san abin da aka yi ba, amma ta ga asiri na neman tonuwa. Ta yunƙura, da 'yar muryarta da ta dushe.

"Kai, Kawu Kabo, don mi kuka ɓata mashi aiki? Kwana uku Baba ya yi yana ɗinkin nan, ni zare kawai nike miƙa mashi."

Ba wanda ya yi dariya. Telolin suka sunkuyar da kai. Kabo, wanda bai taɓa barin Jaji ya sha ruwa ba tare da tsiya ba, ya juya yana kallon danga.

Jaji ya ɗauki farin zanen da hannu biyu, ya miƙe da ƙyar.

"Bari, Uwata," ya ce. "Sun sani."

Jama'a suka dare suka ba shi hanya.